Gurbin Yatsan Iya 'Yardada

Ni ce Asabe mai itace a lungunmu na Koki. Duk matar da ta haihu tsakanin nan da Mandawari, to ko dai itacena ne ya dafa ruwan wankanta, ko hannun Iya 'Yardada ne ya watsa mata shi, galibi ma duka biyun. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata, ita ma katangar ruwa ya zaizaye ta har ina hango ɗankwalinta in tana tsaye a bakin murhu. Saboda haka abin da zan faɗa ba a gidan biki na tsinto shi ba.

Iya gajeriya ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa. Wajen kakarta ta koyi wankan jego tun kafin a yi mata aure, kuma ba ta taɓa yin wata sana'a ba. Hannunta kuwa sai ka gani. Tafin ya yi kanta kamar ƙasan tukunya, tana tsoma shi a ruwan da ke tafarfasa tana hira abinta. Safe da yamma za ta cika rabin duro da ruwa, ta zuba ganyen darbejiya, ta hura wuta har duron ya fara kuka, sannan ta zaunar da mai jego a kujera 'yar tsugunno ta dinga fyaɗa mata ruwan da damin ganye. In an gama a miƙo kwanon kunun kanwa mai zafi a ce shanye. Haka har arba'in, kuma mai jego ko zaure ba ta leƙawa. Ni ma duk 'ya'yana a hannunta na yi jegonsu. Har yau in na ji ƙamshin dafaffiyar darbejiya sai bayana ya tsuke da kansa.

Karatunta guda ɗaya ne, ba ta kuma ɓoye shi. Macen da ta haihu ɗanya ce, sanyi na laɓe yana jiran ta, wuta ce kaɗai ke korar sa. In ƙafa ta kumbura, sanyi ne. In ana tari, sanyi ne. Maganin kuwa a ƙara itace a ƙara kanwa. Ba mugunta a ciki ko kaɗan, don na sha ganin matar nan ta yi wa matan da ba su da ko sisi wanka kyauta, har ta haɗa musu da yajinta.

'Ya ɗaya Allah ya bar mata, Hauwa, kuma ita ce ta fari. Kun san tsofaffinmu da kunyar ɗan fari. Iya ba ta taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. Sai dai ta ce "waccan", da aka aurar da ita ga Malam Bukar a Ƙofar Ruwa kuma ta koma "ta Ƙofar Ruwa". Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta tambayar ta ina ke ciwo. Ita ma Hauwa da kunya aka raine ta, ba ta buɗe baki ta ce wa uwarta ga abin da ke damun ta. Ta haifi Nana Aisha lafiya. A haihuwa ta biyu ta dawo gida wanka, ta rasu kafin arba'in, ta bar jaririya. Lokacin ina amarya a gidan nan. Na ga Iya zaune a wajen makoki, ido a bushe, tana amsa gaisuwa tana cewa kwana ne ya ƙare. Tun daga ranar "waccan" ta zama "marigayiya". Ta ɗauki yaran biyu ta riƙe.

Jaririyar nan ita ce Khadijat a takardar makaranta, mu Dije muke ce mata. Iya kuwa "ƙawata" take kiran ta, irin wasan kaka da jika. Yarinya ce mai tambayar tsiya. Tun tana ƙarama in an ce mata kaza, sai ta ce wa ya faɗa. Da ta gama sakandare aikin nas take so, ta nema a nan Kano har ta gaji ba ta samu ba. Sai wata ƙungiya mai ɗaukar nauyin marayu ta samo mata gurbi kyauta a wata jami'a can kudu. Da takarda ta zo aka duba, ashe jami'ar ta 'yan mishan ce.

Kai, unguwa ta ɗauka. Ni ma ina cikin masu cewa a'a, kuma har gobe ban ga laifina ba. 'Yar cikin birni, marainiya, a ɗauke ta a kai ta inda ko kiran sallah ba za ta ji ba? Malam Bukar ya yi ta sosa ƙeya, dangi suka yi ta zarya. Iya ce ta tsaya. A tsakar gida, gaban kowa, ta ce yarinyar da ta raina da hannunta ko a cikin cocin aka shimfiɗa mata tabarma sai ta tashi ta yi asuba. Ta ƙulla mata kuka da daddawa da yaji a leda, ta raka ta tasha da kanta.

In Dije ta zo hutu, nan bakin itacena take zama tana ba mu labari. Wai ƙararrawa ce ke tashin su, ita ce ke kai su cin abinci, ita ce ke mayar da su ɗaki. Akwai taron majami'a da dole kowane ɗalibi ya halarta, su 'yan tsirarun Musulmi sai su zauna a benci na baya su yi shiru har a tashi. Ba a taɓa cewa ta bar addininta ba, amma kuma ba masallaci. Tsakanin gado da durowa take shimfiɗa darduma. 'Yar ɗakinsu, wata Kirista 'yar Filato, ita ce ke tsayawa a bakin ƙofa ta hana a gifta mata in ta tayar da sallah, da azumi kuma ta ɓoye mata abincin dare a kula don sahur, alhali an hana kai abinci ɗaki. Ruwa ba ya ɗaukewa a garin, wanki sai ya yi wari bai bushe ba. Tuwo kuwa sai a mafarki. Wata shekara ranar ƙaramar Sallah tana ɗakin jarrabawa, ta ce tana rubutu hawaye na ɗiga a takarda, mai tsaron jarrabawa ya zaci tambayoyin ne suka yi mata wuya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙofar makarantar. Ba a fita sai da izini a rubuce, wanda ya wuce ranar da aka yanka masa kuma sai ya maimaita shekara. Na ce wannan ai gidan yari ne mai fenti. Dije ta yi dariya ta ce amma akwai wuta da ɗakin karatu, Anti.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya yi bincike ya rubuta, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Malamar da aka haɗa ta da ita wata tsohuwar Sista ce ta coci, wadda ta taɓa aikin asibiti a Arewa tana ƙuruciya, har tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ita ta tambayi Dije me ya kashe mahaifiyarta. Dije ta ce jego. Matar ta ce jego ba cuta ba ne, ta je ta tambayo. Ta haka yarinyar ta zaɓi yin bincike a kan wani ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa. Aka ba ta izinin 'yan makonni ta zo gida ta yi wa mata tambayoyi.

Da damina ta iso. Ta tarar da yayarta Nana Aisha a gida, ta zo wankan haihuwar fari, an yi suna ke nan. Gida cike da hayaƙi, don itacen damina sai a hankali.

Kwanakin farko Dije ba ta samu komai ba. Wace matar cikin birni ce za ta zauna ta gaya wa budurwa yadda jikinta ya yi bayan haihuwa? Duk gidan da ta shiga sai a ce lafiya lau, alhamdu lillahi, a kawo mata ruwa, a tambaye ta ko gaskiya ne ana sa su waƙa a makarantarsu. Ta dawo kamar za ta yi kuka. Iya ta kalle ta ta ce boko bai koya mata shiga gida ba. Washegari da ta gama wa Nana wankan safe ta yafa mayafi ta ce ƙawata taso.

Inda Iya ta yi sallama ba a ɓoye mata komai, don ba matar da ba ta gan ta tsirara ba. Ni ma na bi su sau da yawa, ba don komai ba sai son jin ƙwaf. Iya na gaba tana taƙama, tana gaya wa kowa jikarta likita za ta zama, Dije na gyara mata tana cewa nas, ita ko a jikinta. Tambayoyin ba su da yawa. Ƙafarki ta kumbura? Kina iya kwanciya a miƙe ko sai kin jingina? Kina haki in kin ɗan taka? Tari fa? In matar na cikin jego, sai Dije ta durƙusa ta danna mata ƙwauri da babban yatsa, ta ɗan riƙe, ta ɗaga. In naman ya taso nan take, shi ke nan. In wurin ya lotsa ya zauna, ta ce ruwa ne ya taru a jiki, a je asibiti. Iya har tsokanar ta take yi, wai an tura ta kudu shekara da shekaru ta koyo latsa mutane kamar mai sayen mangwaro.

Amma akwai tambaya ta ƙarshe. Ko a gidan nan an taɓa rasa wata a cikin jego? A nan ne tsofaffi ke gyara zama. Wannan ta ce 'yarta, waccan ta ce matar ɗanta, wata ta ce ƙanwarta. Dije na tambayar yadda ciwon ya faro, amsar kusan iri ɗaya: ta yi ƙiba, ta kasa kwanciya, tari, haki. Na lura tsokanar Iya ta fara raguwa. A wani gida a Mandawari wata tsohuwa ta dafa gwiwar Iya ta ce ai tamu da muka rasa ke kika yi mata wanka, kin tuna yadda ta yi ɓul-ɓul har muna cewa jego ya karɓe ta? Ba da wata manufa ta faɗa ba, yabo ma take yi. Iya ta ce ta tuna. Washegari ta ce ƙafarta na ciwo, Dije ta je ita kaɗai.

Duk wannan yawon da ake yi, abin yana cikin gidansu. Nana Aisha ta yi ɓul-ɓul. 'Yan barka na shigowa suna cewa masha Allah, hannun Iya daban ne. Zoben aurenta ya nutse a yatsa. Ta daina kwanciya, sai dai ta tara matasai ta jingina da bango, wai ta fi jin daɗin shayarwa a haka. Daga ɗaki zuwa bayi sai ta tsaya ta dafa turmi. Dije na fita da safe ta dawo da yamma a gajiye, ita kuma Nana na rufe ƙafa da zane. Ranar da Dije ta yaye zanen ta danna, yatsanta ya shige kamar a ƙullin alkaki, gurbin ya zauna.

Ta katanga na ji komai. Dije ta ce a tafi asibiti yau, yanzu, a kashe wutar nan, a daina kunun kanwa. Iya ta ce mai jego ba ta fita, sanyin damina ne, gobe za ta ƙara wuta. Dije ta ce zuciyarta ce ke gazawa, ta roƙe ta don Allah don Annabi. Ta ce ai Iya ta ji da kunnenta a gidajen mutane. Wannan kalmar ce ta ɓata komai. Ban taɓa jin Iya ta ɗaga murya haka ba.

"Abin da aka koya miki a cocin ke nan? Ki ja ni gida-gida ki nuna wa duniya ni ke kashe 'ya'yan mutane?"

Matar da ta tsaya mata gaban dangi, yau ita ke yi mata gorin coci. Dije ta fito zaure ta haɗa kai da bango tana kuka.

Daga nan yarinyar nan ba inda ba ta buga ba. Ta kira mijin Nana, Abdulhakeem, yana Legas wajen sayayya, ya ce shi me ya sani a harkar mata, duk abin da Iya ta ce shi ke nan. Ta tafi Ƙofar Ruwa wajen ubansu. Malam Bukar ya zo har zaure, ya durƙusa ya gai da surukarsa, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tashi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Mutumin da ko ido ba ya haɗawa da ita, ina zai iya ce mata ta yi kuskure? Wallahi ranar kamar in jefe shi da faskare. Na shiga da kaina, Iya ta tambaye ni 'ya'ya nawa na haifa a hannunta, wanne ne a ciki ya bar ni a kabari. Na juya na fito. Dije ta ɓoye kanwa, Iya ta aika aka sayo wata. Ita kanta Nana ba ta taimaka ba. Kullum da sauƙi, da sauƙi. Ta raɗa wa ƙanwarta cewa in ta fita a ce me a unguwa, a ce Iya ta kasa jegon jikarta? Matar da ta raine su?

Ana cikin haka izinin Dije ya ƙare. Ta kira malamarta tana kuka. Sistar ta je ta roƙi hukumar makaranta, aka ƙara mata 'yan kwanaki, aka ce daga nan ba ƙari. Matar ta ce a sa mata kakar a waya ta yi mata magana da 'yar Hausarta, Iya ta ce ba ta da abin cewa da ita. Kwanakin suka ƙare su ma. Dije ta ce ta fasa komawa, shekarar ta tafi, in ƙungiya ta janye ma ta janye. Nana ta rantse in ta zauna saboda ita ba za ta yafe mata ba. Iya kuwa ta ɗauko jakar yarinyar ta dire a zaure.

Da safe Dije ta shigo wajena da jakarta a hannu, ido ya kumbura. Ta durƙusa a gabana cikin ɓawon itace.

"Anti Asabe, abu ɗaya nake roƙon ki. Kar ki sake ba ta itace."

Na ce ta tashi, na ji. Ta tafi tana waiwayen gidan.

Da Iya ta aiko na ce itace ya ƙare, alhali ga shi jibge tana hangowa ta katanga. Jim kaɗan na ji sara. Na leƙa, sai ga tsohuwar nan da gatari tana faskara tsohon turminta, wanda aka kawo ta da shi gidan miji. Da ya ƙare ta kama bencin zaure. Na zauna a cikin itacena na rasa abin da ke mini daɗi. In ba ta, na ci amanar yarinya. In hana ta, ga shi ba abin da ya fasa. Dije na kira na daga makaranta duk lokacin da aka ba su damar riƙe waya, ina ce mata da sauƙi, ni ma na koyi ƙaryar gidan. Tarin Nana kuwa har ɗakina nake jin sa.

Wata ranar Talata ce, bayan la'asar. Na ji an hura wuta, na ji duro ya fara kuka, na ji an fito da Nana ana lallaɓa ta. Na jira in ji fyaɗar ganye, don sautin nan na san shi kamar kiran sallar masallacin lungunmu. Shiru. Na ƙara jira, shiru. Na taka kututture na leƙa.

Nana na kan kujera, ta jingina da bango, baki a buɗe tana jan numfashi kamar wadda ta yi gudu, leɓenta ya sauya kala. Damin ganye na yashe a ƙasa. Iya kuwa ta durƙusa a gabanta, ta ɗora ƙafar yarinyar a cinyarta, ta danna ƙwaurin da babban yatsa. Ta ɗaga. Ta tsura wa wurin ido. Ta matsa sama kaɗan ta sake dannawa. Ta kama ɗaya ƙafar. Har ta jera gurabu a ƙwaurin, ba wanda ya taso. Ruwa na ta tafasa a bayanta yana zuba a wuta, ba ta waiwaya ba.

Sai ta miƙe, ta ɗauki ƙwarya, ta kamfato ruwan wankan ta sheƙa a murhu. Ta sake, ta sake, har wutar ta mutu, tsakar gida ya turnuƙe da tururi da toka. Ta ɗago ta gan ni a kan katanga.

"Asabe, zo ki kama mini."

Adaidaita ba ya shiga lungunmu, ko babur sai ya karkace. Iya ta durƙusa ta ce in ɗora mata Nana a baya. Mace ta haura saba'in za ta goyi mai jego! Ta yi taku biyu gwiwarta ta lanƙwashe. Na ruga na zazzage baron da nake kai itace, na shimfiɗa bargo, muka ɗora ta a zaune don ba ta iya kwanciya. Na goya jaririn. Ni da Iya kowa ya kama hannu ɗaya muka tura. An yi ruwa da rana, kwata ta cika ta malalo hanya, tayar baron na nutsewa muna ɗagawa. Mata suka fito bakin zaure suna kallo. Wata ta ce Iya, mai jego ce fa, ba ta yi arba'in ba. Iya ba ta ko kalle ta ba. Takalminta ɗaya ya maƙale a taɓo, ta bar shi a nan. Duk ramin da muka faɗa sai kan Nana ya langaɓe, in ce shi ke nan ta tafi, sai kuma in ji ta ja wani numfashin. Ban san abin da nake karantawa ba, bakina dai na motsi har muka fito titi.

A asibiti aka karɓe ta da gudu, aka sa mata abin numfashi a hanci, aka yi ta allurai. Likitan ya fito ya ce zuciyarta ta yi rauni, ruwa ya hau har huhu, ba zai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce a bar kanwa, a bar ruwan zafin nan. Bai yi faɗa ba. Iya na tsaye da takalmi ɗaya tana gyaɗa kai kamar 'yar makarantar allo.

Washegari ta ce in kira mata ƙawarta. Dije ta ɗaga tana haki, ta fito ne daga majami'a, ana jin waƙarsu a bayanta. Na gaya mata inda muke, ta fashe da kuka. Iya ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta ce ba lallashi take so ba, tunda an ce bincike ake yi, a gaya mata abin da aka binciko. Wankan ne?

Na matsa kusa ina ji. Dije ta ce ba za ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba. Ta ce akwai matan da ba su taɓa wankan jego ba kuma ciwon ya kama su, akwai waɗanda suka yi har goma ba abin da ya same su, masana ma ba su gama daidaitawa ba. Abin da ta sani shi ne kumburin da hakin alama ce, kuma wadda aka kai asibiti da wuri ta fi samun tsira.

"Uwarki fa?" in ji Iya.

Waƙar can ta yi ta tashi a wayar. Da ƙyar Dije ta ce, "Ban sani ba, Iya. Wallahi ban sani ba."

Iya ta miƙo mini wayar. Ni da na so yarinyar ta yi mata ƙarya ko sau ɗaya, ta ce ba ruwan wanka, tsohuwa ta samu barci. Amma haka aka koya mata a can, kuma dama can haka take.

Bari in faɗi na Dije kar in manta. Ta tsaya gaban malamanta ta kare aikinta, aka ce ya yi. 'Yar ɗakinsu ce ta ara mata takalmin da ta sa ranar. Yanzu tana aiki a nan Kano, kuma mata sun daina tambayar ta zancen waƙa.

Mu kuwa muka tare a asibiti. Iya ta ƙi komawa gida ko don ta sauya zane. Tabarma ta shimfiɗa a gefen gado wajen ƙafafun Nana. Ba ta barin kowa ya gyara mata rufa. Bini-bini sai ta ɗaga zanen ta danna ƙwaurin, ta jira, ta mayar ta rufe. Nas-nas har sun saba, suna ce mata Hajiya likita. Ba ta dariya. Abinci sai na yi da gaske take kai loma biyu. Wata rana a ce da sauƙi, wata rana a sake mayar da abin numfashi, mu koma gidan jiya. Na ga tsohuwar nan tana ƙanƙancewa a gabana.

Wata safiya na kawo koko, na tarar Nana na barci a kwance sosai, ba matashi ko ɗaya a bayanta, jaririn na gefenta. Iya ta yafito ni da hannu. Ta ɗaga zanen, ta danna, ta ɗaga yatsa. Naman ya biyo yatsan ya taso, wurin ya koma sumul. Ta sake a ɗaya ƙafar, haka. Na ce alhamdu lillahi, na fara share hawaye da bakin mayafi, ina jira ita ma ta yi hamdala.

Ba ta saki ƙafar ba. Ta daɗe tana shafa wurin da tafin nan nata mai kanta.

"Na Hauwa bai taso ba, Asabe," ta ce a hankali. "Ina matsa mata ƙafa na ga shatin yatsuna ya zauna. Na gani da idona. Sai na tashi na ƙara itace."

Tun da nake da ita, ranar na fara jin sunan nan a bakinta.